Alkawarin Wankan da Goggo Ta Tafi da Shi

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Goggo ta koma a lokacin kaka, ana tsakiyar cirar gyaɗa, ni kuwa ina lakwal, makarantar Nasara, a Damagaram. Kafin saƙo ya same ni, kafin Madam, shugabar makarantar, ta ga damar ba ni izini, kafin in sami kamyon, babbar motar da za ta sauke ni Magarya in ƙarasa garinmu tare da masu jakai, har an yi sadakar uku. Ban ga fuskarta ba. Masu ta'aziyya na tarar, kuma da su zan fara, don su suka sa na zauna rubuta wannan.

Maza na zaure suna cewa tsohuwa ta huta. Wani ya ce ai ta ga zuwan Nasara da idonta, me kuma ya rage mata? Daga nan hira ta koma kan gyaɗa da lanho, wato harajin Nasara. A cikin gida mata sun cika ko'ina. Kowace ta shigo sai ta ce ya haƙuri, ta nemi wuri ta zauna, ta ce Allah sarki, baiwar Allah, ba ta da abokin faɗa. Wannan ƙarya ce. Goggo ta yi faɗa da rabin matan da ke zaune a wurin, wasu ma a gabana. Sai na ga in aka ci gaba a haka, kafin arba'in za a mayar da ita wata tsohuwa mai sanyi wadda ba a taɓa yi ba, ta gasken kuma a manta da ita.

Mutum ɗaya ce ba ta shiga gidan ba. Tana zaune a waje, gindin darni, inda ake ɗaure awaki, ta rufe hannuwanta da gefen zane. Kuturwa ce. Gari na kiranta da sunan ciwonta. Goggo na ce mata ƙanwa, mu da muka tashi a gidan muna ce mata Inna. Na durƙusa na gaishe ta.

"Inna, me kike yi a nan cikin kashin awaki? Tashi mu shiga."

"Wa zai ce mini shigo? Mai cewar ta tafi." Ta ɗago ta dube ni, idonta a bushe. "'Yar lakwal, Goggonki ta cuce ni. Ta yi mini alkawari ita za ta wanke ni ranar da na mutu. Ga shi ta riga ni. Yanzu wa zai taɓa ni?"

Na zauna kusa da ita har rana ta juya, mu biyu da awaki.

Goggo yayar babana ce, ita ta riƙe ni tun da uwata ta rasu. Ranar da gardi, 'yan sandan Nasara, suka zo ɗibar yara don lakwal, kowace uwa ta ɓoye nata a rumbu. Goggo ta tafi biki Dungas, ni kuwa ba ni da mai ɓoye ni. Da ta dawo ta bi su har Magarya a ƙasa, ta zage su tas a ƙofar bariki, ta dawo ita kaɗai. Ba ta taɓa yafe wa mai bikin ba.

Ba malama ba ce. Karatunta bai wuce ƙananan surori ba, su ɗin ma akwai wuraren da liman ya gaji da gyara mata ya ƙyale ta. Tana da rowar goro, tana ɓoye shi a ƙarƙashin tabarma, ta zauna a kai ta rantse ba ta da shi. In ta yi fushi sai ta koma yaren Barebari na uwarta, don ta zage ka ba ka ji ba. Aiki biyu aka san ta da su a gari. Ita ke wanke gawar mata, aikin da ta gada wajen uwarta. Ita ce kuma mai taron Alhamis.

Mata ba sa zuwa masallaci a garinmu, sai tsofaffi ranar idi, su ma daga nesa. To tsakar gidan Goggo ranar Alhamis bayan la'asar, shi ne masallacin da muka sani. Ana kaɗin auduga, ana salatin Annabi, tana bayarwa muna amsawa. Zaren ba na kasuwa ba ne. Masaƙi ake kai wa ya saƙa likkafani, a ajiye don baƙon da ajali ya riska a hanya, ko wanda danginsa ba su da abin rufe shi.

Kowa na iya zuwa. Amma kada a ɗauka Goggo irin masu cewa duk ɗaya muke ce. Ta tsani wannan magana.

"Ƙarya ne," in ji ta. "Je ki gonar duma ki gani. Wani ludayi, wani gora, wani masaki. In duk suka zama ludayi, da me za ki je rijiya?"

Shi ya sa in baƙuwa ta zo, Goggo ba ta hanzarin ba ta mazari. Sai ta zuba mata ido tana taunar goro, ta ga me Allah ya yi ta da shi, sannan ta ba ta aikinta.

Akwai wata Bafillatana mai kawo nono daga rugar da ke kudu da gari. Mutanensu na noma da damina, in an gama kaka su bi shanu kudu, ƙasar da Ingilishi ke mulki, sai ruwa ya sauka su dawo. Ita ba ta iya zama wuri ɗaya ta yi kaɗi, kuma in ta ɗauki salati sai ta ja shi da tsawo kamar mai kiran saniyar da ta ɓace. Mata na ta ƙunshe dariya. Goggo ta ce daga yau ita ce mai rufe taro, don muryarta kaɗai ke kaiwa bakin rijiya, waɗanda ba su sami zuwa ba su ma su samu rabonsu. Tsakaninsu kuwa akwai wasan Barebari da Fulani.

"Ga baiwata ta iso. Ruwa nawa kika zuba a nonon yau?"

"Daidai da ƙaryar da kika yi a kan goro, Babarbariya. Ɗaga tabarmar mu gani."

Haka suke tun kafin a haife ni. Ban taɓa jin sun gaisa da hankali ba.

Ni ma da wurina. Hutun farko da na dawo daga lakwal da guntuwar riga, mata suka ce ina warin sabulun Nasara, wata ta tambaya ko har yanzu ina salla. Na ce mata in tana so ta gani ta zo da asuba, in ta iya tashi. Na ɗauka Goggo za ta mare ni. Ta ba ni mazari, zare ya tsinke. Ta ƙulla, ya sake tsinkewa. Na jefar da shi.

"Ke ba ki da haƙurin auduga," ta ce. "Bakinki kuma ba shi da linzami. To Allah bai yi shi a banza ba. Ke aikinki tambaya."

Daga ranar duk abin da mata ke jin kunyar tambayar liman, ni ake aikawa. Maganar jini, maganar azumin mai goyo, maganar macen da mijinta ya tafi aikin dole bai dawo ba, ko matar aure ce ko ba matar aure ba. In tsaya bayan zana in faɗa gatsau, liman ya yi gyaran murya, ya sake yi, ya amsa, in kawo. Duk duniya wurin nan kaɗai ne aka taɓa cewa halina na da amfani. A makaranta Madam na cewa ba ni da ladabi. A gari ana cewa boko ya ɓata ni.

Inna daga wajen Mallawa ta zo, ita kaɗai, ta kafa bukka a ƙarshen gari bayan marina. Ba mu san danginta ba, ita ma ba ta faɗa. Wata Alhamis muka ji sallama a ƙofa, ba a shigo ba. Tana tsaye tana saurare.

"Mai sallama, shigo," in ji Goggo. "Ba a sauraron salati daga ƙofa."

Ta shigo. Mata suka fara tattare zannuwansu. Goggo ba ta yi kamar ba ta ga ciwon ba, ba halinta ba ne.

"Nuna mini hannuwan."

Ta nuna. Goggo ta kama su, ta juya, ta duba kamar mai cinikin ƙwarya.

"Yatsu babu. Amma tafin hannun yana nan, kuma da ƙarfinsa. Ke, jawo magurji."

Wanda bai san auduga ba: kafin a kaɗa ta sai an raba ta da iri. Ana ɗora ta a kan dutse mai faɗi, a murza siririn ƙarfe a kai, irin ya fita gefe. Shi ne gurza, kuma da tafin hannu ake yi, yatsa ba shi da aiki. Kowa na gudun gurza don yana sa hannu zafi. Inna ba ta jin zafi. Kafin magariba ta tara abin da mu uku ba ma tarawa. Amma da yake ba ta jin zafi, ba ta sanin in fata ta ɗaye. To duk Alhamis in an tashi, Goggo sai ta zaunar da ita, ta duba tafin hannun a hasken da ya rage, ta shafa mata man shanu tana mita.

"Ke ba ki san ya isa ba? Sai kin gurje sauran ma?"

"To Yaya, in na gurje su ai kin huta da ɓarnar mai."

Faɗan da ya fi girma a gidan a kanta aka yi shi. Matar ɗan Goggo, wanda ni nake kira Yaya, tana da yara ƙanana, tana tsoro. Ta ce ko dai Inna ta tsaya a waje a miƙa mata auduga, ko ita ta kwashe 'ya'yanta ta tafi gidansu. Goggo ta ce hanya a buɗe take. Suka daina magana, Goggo ta raba tukunya, tana dafa nata a bayan ɗaki. Yaya ya rasa inda zai sa kansa. Da abin ya yi tsawo, Goggo da kanta ta kira surukar.

"Ke matsoraciya ce. Allah ya yi ki haka don 'ya'yanki su rayu, ban ga laifinki ba. Ware mata moɗarta, ware mata akushinta. Amma tabarma ba a warewa a gidana."

A haka aka shirya. Matar Yaya ta samu moɗarta, Inna ta samu tabarma. Ba wadda ta ji daɗi duka, kuma ba wadda ta tafi.

Alkawarin kuwa ina wurin aka yi shi. Wata mata ta zo da labari daga kasuwar Dungas, wai wani kuturu ya mutu a wani ƙauye, aka rasa mai taɓa shi, aka tura shi rami da sanduna. Ta faɗa ta manta wa ke zaune. Muka ji ƙarar ƙarfe a kan dutse ta tsaya. Inna na kallon ƙasa.

"Ci gaba da aikinki," in ji Goggo. "Ke ni zan wanke ki. Da ruwan ɗumi da ganyen magarya, in kitse miki kai kamar amarya."

"In kika riga ni fa, Yaya?"

"Ni? Ina da aiki a gabana. Ke za ki fara."

Aka yi dariya, har da Inna. Ƙarfe ya ci gaba da ƙara.

Ko likkafaninta ba a binne ta da shi ba. Ta daɗe da ajiye nata a adudu, wanda aka saƙa da zaren kowace mace ta taron, wani kauri wani siriri, har masaƙi ya yi ta ƙorafi wai an haɗa masa igiya da gashi. Ta ce haka take son sa. Yaya yana sayen gyaɗa wa wani kanti a Magarya. Da ya ji rasuwa ya sayo farin yadi mafi kyau, don kada a ce ya binne uwarsa da saƙar ƙauye. Matan duk sun san da na cikin adudu. Ba wadda ta buɗe baki, don maza na ƙofa da makara suna cewa a hanzarta. Wadda aka ajiye don buɗe baki tana Damagaram tana haddace sunayen kogunan Faransa. Da na gaya wa Yaya sai ya zauna a ƙasa ya yi kuka kamar yaro. Girmamawa ya yi niyya. Daga nan na gane yadda abubuwan Goggo za su tafi: ba mai ƙin su, za a dai yi shiru ne a lokacin da ya kamata a yi magana.

To ni dai aikina tambaya ne, kuma izinina ya kusa ƙarewa. Bayan sadakar bakwai na ɗauki tambayar Inna na fara yawo da ita.

Liman na fara samu, a bayan zana kamar kullum.

"Gafarta malam, in kuturwa ta mutu, wanka ya wajaba a kanta?"

"Ya wajaba. Musulma ce. Nauyi ne a kan gari duka. In mace ɗaya ta yi, ta sauke wa kowa. In ba wadda ta yi, duk mun ɗauki zunubi."

"To wa zai yi?"

Tsoho ne mai gaskiya, bai yi mini kwana-kwana ba.

"'Yata, hukunci na sani. Amma ni namiji ne, ba zan shiga in wanke mace ba. In an rasa mace, iyakata in yi mata taimama a fuska da hannu."

Na je wajen matarsa, don ita da wata maƙwabciya suka wanke Goggo, kuma kowa ya san aikin ya koma hannunsu. Ta ce Allah ya kai mu lokacin. Na ce ba lokacin na tambaya ba, e ko a'a. Ta ce yarinya, ba a yi wa rai gaggawa. Maƙwabciyar ta ce hannunta na da tsagewa, in ya warke a yi magana. Wata ta ce sai ta tambayi maigida. Wata ta ba ni fura. Duk matan nan sun zauna tabarma ɗaya da Inna shekara da shekaru, sun kaɗa audugar da ta gurza. Ashe Goggo ce ke riƙe da tabarmar, ba su ba.

Matar Yaya kaɗai ta amsa mini kai tsaye.

"Ba zan iya ba. Kin san ni. Zan ɗora ruwan, zan tsinko ganyen, zan kai har ƙofar bukka. Amma ba zan shiga ba."

Na fi ganin girmanta a kan sauran.

Na koma wajen matar liman, na ce to ni zan yi, a koya mini. Matar liman ta riƙe haɓa. Budurwa ba ta wankan gawa, ba a taɓa yi ba, kuma ko an yarda, ina zan kasance ranar? A Damagaram, ko inda Nasara suka tura ni koyarwa. Kafin saƙo ya same ni an binne. Gaskiya ta faɗa. Na ji haushinta don ta faɗi gaskiya.

Saura mutum ɗaya. Na tafi ruga da hantsi. Na tarar sun fara kwance bukkoki, ana ɗaure ƙore a kan takarkari. Ƙawar Goggo na zaune tana goge ƙwarya da kara. Ta zo ta'aziyya tun ranar farko, aka ce ta tsaya a tsakar gida ta zagi gawar da wasa kamar yadda taubasai ke yi, muryarta ta karye, ta ɗauki ƙwaryarta ta fita. Na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni ba tare da kewaye ba.

Ta daɗe tana goge ƙwaryar da ta riga ta fita.

"Babarbariyar nan. Ta mutu ma ba ta daina sa ni aiki ba."

"Dada, e ko a'a?"

"Ke kam jininta ce. Na wanke uwata, na wanke yayata a daji, ba malam ba ganye. Na cire tsutsa a gyambon saniya da hannun nan. Jikin mutum ba zai ba ni tsoro ba. Zan wanke ta." Ta nuna kayan da ake ɗaurewa da haɓa. "In muna nan. Kin ga dai. Shanu ba sa jiran kowa. Daga saukar ruwa zuwa kaka, a aiko, ko ina gona zan ajiye fartanya in zo. Da rani kuwa Allah kaɗai ya san inda muke."

Ranar Alhamis ce jajibirin komawata. Ba wadda ta zo gidan, an ce sai bayan arba'in a gani. Tsakar gida a share, kaji na yawo inda muke zama. Da la'asar na tafi ƙarshen gari. Inna na zaune a ƙofar bukkarta, ta yi lulluɓi kamar mai shirin fita, amma ba ta fita ba.

Na gaya mata duka, ban rage ba, don ita ba a yi mata ƙarya. Da na zo kan taimamar liman a fuska da hannu, ta zaro hannuwanta daga zane ta dube su.

"Wane hannun? Malam zai gama da wuri."

Ta yi dariya ita kaɗai. Sannan na gaya mata maganar Bafillatana.

"Ta ce za ta yi? Da bakinta?"

"Da bakinta, Inna. Matar Yaya kuma ta ce ruwa da ganye nata ne. Amma sai da damina. Da rani suna kudu."

Ta dubi gonakin da aka girbe, kara a zube har iyakar gani, ba gajimare ko ɗaya a sama. Rani duka na gabanta, ita kaɗai, ba Alhamis a ciki.

"To," ta ce. "Sai in lallaɓa. In roƙi Allah ya bar ni in kai saukar ruwa, in zai ɗauke ni ya ɗauke ni da damina. Ke ma ki taya ni roƙo a can makarantarku, in Nasara na bari."

Na ce suna bari, ko ba su bari ba zan yi.

Allah ya jiƙan Goggo, ya yafe mata zagin da ta yi da goron da ta ɓoye, ya sanyaya mata makwanci. Ƙanwarta kuma, Allah ya ba ta daminar da ta roƙa.